Hana, Wai Fure Ne

Ƙarfe huɗun dare a Aboabo,
kafin ladanin layinmu ya gyara murya,
ina wanke karan dafi, ina tsince wake,
sai wata 'yar Japan ta farka a aljihun Hamdiya.

Ganga ce ta fara, da saurin wanda ya makara a tasha,
sai garaya irin tasu mai cin wuta,
sannan murya, siririya kamar zaren keke,
ta hau, ta hau, har na ce za ta tsinke.
Ba ta tsinke ba.

Duka-duka minti ɗaya da rabi ce.
Waƙar buɗe fim, in ji ta,
na zanen yara masu idanu kamar faifai,
masu shuɗin gashi, suna gudu ba mai korarsu.
Yayanta Mutaru tsallake ta yake yi,
ya danna ya wuce wurin faɗa.
Ita kuwa nan take yada zango,
ta mayar baya, ta sake mayarwa,
har data ta ƙare, sidi biyar ɗina.

Ran Laraba na ɗaga littafinta na makarantar dare.
Bayan shafin tajwidi
na tarar ta rubuce waƙar kaf da ajami,
wasali bisa wasali,
har da alamar ja inda matar ke ja.
Na ce: haruffan da kakanki ya yi lissafin goro da su
daga nan har Salaga,
su za ki ɗora wa wannan kaya?
Ba ki ma san me take cewa ba.
Wataƙila zaginmu take yi.
Na hana.

Ta sunkuya tana kankare tukunya.
Can ta ce: Umma,
a bakinsu hana fure ne.
Yana nan a baiti na biyu.

Na ce ƙarya.
Ta ce kasa kuma laima ce.
To, ni kasa macijiya na sani, ko gazawa,
Maame Serwaa mai tumatir in ta ce kasa, magana take nufi.
Kalma ɗaya tana haya a gida uku,
kowane gida da sunan da ake kiranta.
Ashe ita ma 'yar zango ce.

Tun ranar nake tunanin matar.
Ko ta karya kafin ta shiga ɗakin ɗauka?
Ko tana da uwa mai faɗa?
An ce mata ga zane, ga minti ɗaya da rabi, cika shi.
Ta cika, aka biya ta,
ta hau jirgin ƙasa ta koma gida da ciwon wuya.
Ba ta san Kumasi ba.
Ba ta san ita ke tashin wata yarinya sallar asuba
a gidan ɗaki sha ɗaya mai famfo ɗaya ba.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta, har yau.
Waya ta mutu.
Tsakar gida ba kowa sai gawayi yana ƙas-ƙas.

Da safe ina bakin titi, ina naɗe shinkafa da wake a ganye,
Opoku direban trotro ya miƙo kuɗi, ya ƙi tafiya.
Ya ce: Hajiya, shekara ashirin ina jin Hausa,
wannan ta wane gari ce?

Ashe ni ce.
Ban san lokacin da ta shige ni ba.

Na ce: ta gabas ce, gaba da Makka sosai.
Da taliya za ka ci ko da gari?

Bayana Hamdiya na ɗauraye kwanuka.
Ba ta ɗago ba.
Daidai inda numfashina ya kasa,
nan ta karɓa.