Mai Sayar da Rana

A Leeds, ran Talata, tsakiyar Yuli,
kwana tara ana yayyafi ba hutawa.
Ni kuwa ina bayan kanta, a hawa na biyu,
ina sayar da rana a ɗan gwangwani,
fam ashirin da takwas.

Hodar tagulla ce, su buronza suke ce mata.
Launi goma sha biyu a jere,
daga zuma farar saƙa
har zuwa ƙanzon tukunya.

Misis Holroyd ta shigo, lemarta na ɗiga,
saba'in da ɗoriya, jaka a hammata.
Jikarta za ta yi aure ran Asabar,
ba ta son ta fito a hoto fara fat
kamar madarar da aka manta a firij.

Hannunta ya nufi na tara.
Na ce, a'a Iya, wannan ya yi miki nisa.
Taki ɗaya daga fatarki, biyu in kin matsa,
abin da ya wuce haka gobara ce.
Wancan mai ja-ja ma bar shi,
za a ce da manja kika yi wanka.
Mai ƙyalli kuwa gulma gare shi,
tamoji yake bi yana tona asiri.

A muƙamuƙi na gwada mata,
bayan hannu ba ya faɗin gaskiya.
Na ja ta bakin taga,
don fitilar kanti dillaliya ce,
ko me ka ɗauka sai ta ce ya yi.

Na tsoma buroshi, na kaɗe,
na sake kaɗewa.
Kamar gishiri ce a miya:
ƙari da sauƙi, ragi babu.

Ta ce, wa ya nuna miki inda ake sawa?
Na so in ce kwas na mako shida,
akwai ma takardarsa a gida.
Amma Gwaggo Lantana ce,
mai shanyar tumatir a Kadawa.
A fuskarta na haddace hanyar rana:
takan sauka a goshi, gindin ɗankwali,
ta bi tudun kunci,
ta hau karan hanci,
ta ɗan taɓa haɓa ta wuce.
Ba ta shiga ƙarƙashin ido.
Gaisuwa take yi a tsaye, ba ta zama.

Nan na bi, sannu, ina murzawa,
na gangara wuya kada a ga iyaka.
Tsohuwa ta lumshe ido, tana magana:
shekara talatin da ɗaya, kowace Agusta,
ita da Clifford a bakin teku a Malaga,
shi ya ƙone jawur kamar tattasai,
ya rantse bai ƙone ba.
Bara ba ta je ba.
Ta ce, wa zai riƙe mini jaka in shiga ruwa?

Na miƙa madubi.
Ta daɗe.
Ta juya hagu, ta juya dama,
ta ce, haka nake dawowa.
Na uku ta saya. Ta manta lemarta,
sai da na bi ta har bakin lif.

Ƙarfe bakwai muka tashi.
Na goma sha biyu yana nan a ƙarshen layi,
ba yatsan da ya taɓa shi sai nawa.
Hunturu shida na yi a garin nan,
fuskata ta yi toka-toka,
duk kiran bidiyo sai Gwaggo ta tambaya
ko ba ni da lafiya ne ina ɓoyewa.

Na tsoma, na kaɗe.
Goshi, kunci, karan hanci.

A saman bas waya ta yi ƙara.
Ta kawo fuska dab da gilashi, rabin goshi kawai nake gani,
ta ce, Rumasa'u, yau kam jini ya dawo,
an yi rana ke nan a wajenku?

Na dubi taga, ruwa na bin ta a karkace.
Na ce, an ɗan yi, Gwaggo.