Fito Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Kusuri.
Fanka na juyawa, zafi ko a jikinsa.
Daga ni sai allo, sai shayin da ya huce,
sai sabobi bakwai a wani ɗaki mai sanyi can Njamaina.
Ban taɓa ganinsu ba.
Sunayensu na sani, da koren ɗigon da ke gaban kowace.

Albashi ya sauka.
Gari na wayewa, malami da direba da ɗan duwan
kowa zai laluba wayarsa,
a aika wa tsohuwa jaka biyar.
Kowane kira a hannuna yake fara tsayawa
ya ce: wa zai haye da ni?

Babana Malam Talle bai san kwamfuta ba.
Shekara ashirin ya yi a bakin Logon
kafin gadar Ngeli ta cinye kasuwar fito.
Bai riƙe filafili ba, ido ne sana'arsa.
Zai dubi inda ruwa ya kawo a jikin katako,
ya ce: Barka, ya isa haka, tashi.
Ke mai albasa, koma jirgin Gambo.

Farkon zuwana bi da bi na tsara:
ta ɗaya, ta biyu, har ta bakwai, a koma farko.
Adalci ke nan, in ji ni.
Na manta buhun gishiri da na auduga
a ƙidaya kaɗai suke 'yan uwa.
Ta huɗu ta nutse da rana tsaka,
ta shida na gefe tana hamma.
Yanzu kafin in ɗora sai na duba
wacce kayanta bai kai wuya ba.

Duk daƙiƙa goma nakan ƙwanƙwasa.
Kina nan? Ina nan.
Kina nan? Ina nan.
Yau ta uku ta yi gum.

Ban goge sunanta ba.
Na ja ta gefe, yadda Baba ke kife jirgi mai yoyo kan yashi.
Daƙiƙa ɗaya, na yi sallama. Shiru.
Biyu. Shiru.
Huɗu, takwas, sha shida,
ina ninka haƙuri kamar zane a akwati.
Wanda ya suma ba a rufuwa a kansa.
Ni da Hamajoda mun koyi wannan da tsiya bara,
ranar da wata ta farfaɗo, muka sakar mata gari duka,
ta sake zubewa kafin mu gama tafi.

Ta biyar kuma gyara ke jiranta da asuba.
Na hana ta sabon fasinja,
amma na tsakiyar ruwa sai ta kai su gaci.
Saura kira tara.
Saura uku.
Saura ɗaya, wani daga Marwa, layinsa na jan ƙafa.
Ban san shi ba.
Mai yiwuwa kuɗin magani ne, mai yiwuwa na caca.
Na jira shi ya taka tudu,
sannan na sauke igiya.

Huɗu saura kwata ɗigon ta uku ya koma kore.
Ban yi guɗa ba.
Na ba ta fasinja ɗaya maras kaya,
na zuba ido.
Ta kai shi. Na ƙara biyu.

Da na isa gida Baba na kan buzu, yana jan carbi.
Ya ce: Kande, wai me kuke yi ne a can har gari ya waye?
Na ce: fito, Baba.
Ya ce: jirgi nawa?
Bakwai. Ɗaya ya yi yoyo, ya toshe.
Ya ɗan yi shiru, ya matsar da ƙwaya ɗaya.
Ya ce: bakwai sun yi kaɗan ranar kasuwa.