Teku a Tawa

Ni na buga masa littattafan nan uku
a tsohon keken rubutu wanda bai san ƙ ba,
sai ya bi da alƙalami yana yi wa kowane lanƙwasa.
Mushe Alkasum Illa. Ya aje alli, ya bar lakkwal,
ya koma bin sawun jiragen da suka nutse
tun ba a yanke masa cibiya ba.

A fada masu shayi suna dariya:
Garin da ake kwana a layin famfo,
wai nan aka samu malamin teku!
Ba ya tankawa.
Sai ya ciro dutsen Malbaza daga aljihu,
da katantanwa kwance a cikinsa,
ya aje kusa da butar shayi, ya wuce.

Ran da wasiƙa ta zo da tsawon wani jirgin yaƙi,
mita ɗari da goma sha huɗu,
ya fita tsakar gida ya kama taki.
Gida ya ƙare, jirgi bai ƙare ba.
Ya ratsa garken awakin maƙwabci,
ya ƙetare titi, ya tsaya gaban mai faci,
ya ce: Nan ne hancinsa.
Mai faci ya ce: Hancin wa?

Bai damu da hafsoshi ba, su suna da hotuna.
Namu yake nema, ƴan Adar da suka tafi bida,
Abijan ta miƙa su ga Dakar, Dakar ta miƙa su ga ruwa,
masu zuba gawayi can cikin tumbin jirgi
inda ba rana, ba sanin gabas,
waɗanda akawun Nasara ya karya wa suna
har uwa ba ta gane na ɗanta.
Shekara bakwai yana haɗa sunaye, kamar maɗori.

Wata Lahadi, ana cin kasuwa,
tsohuwa ta sauka daga amalanke, Tsahara, daga Kalfu.
Tana ciki ubanta ya tafi.
Ya buɗe kaye, ya bi layi da yatsa:
Nomau Arzika, mai wuta, ya ɓace a teku da dare.
Ta daɗe tana kallon inda yatsan ya tsaya.
Ta ce: An yi masa sutura?
Na ga ƙaryar alheri ta taso masa
har bakin haƙori.
Ya haɗiye. Ya ce: Takarda ba ta faɗa ba, Inna.
Ta ce: To, ku tashi.
Ta kwance bakin zane, ta sa aka sayo dabino.
Mutum tara muka taru a ƙofar gida,
har da mai faci, hannu duk baƙin mai,
aka shafa wa Nomau fatiha
bayan damina sittin da ɗoriya.

Sau ɗaya ya ga tekun da idonsa.
Kwana biyu a mota zuwa Kwatano, ƙafafu a kumbure.
Na ce: Yaya take?
Ya ce: Ba ta riƙe sunan kowa.
Ya kawo ruwanta a kwalbar magani,
zafin bazara ya shanye,
ya bar fari-fari kamar sawun hawaye a kuncin yaro.

Bara ya rasu a kan tabarmarsa.
Shi an san inda yake kwance.
Littafi na huɗu yana nan, dutsen ya danne shi,
da sunaye goma sha ɗaya da ba a gama ɗorinsu ba.
Ɗaya an rubuta Mijinawa, ko Mijinyawa, tawada ta jiƙe.

Jiya na kai wasiƙa gidan waya.
Da na biyo ta fada, na ji an kece da dariya.
Na taɓa aljihu. Ashe na bar dutsen a gida.