Landan ta Baba

A Gusau, bayan tashar mota,
babana yana da Landan tasa:
yadi shida na akoko, an ɗame da ƙusa a bangon shago.
Wani mai fenti daga Ƙaura ya zana ta
kan naira ɗari biyu da kwanon tuwo.
Ga dogon agogo ya ɗan karkace,
ga bas mai hawa biyu, ja wur,
ga jirgin sama da ya fi agogon girma,
ga dabino a gefe,
don ya ce gari ba ya gari sai da inuwa.

Ranar kasuwa layi har bakin kwata.
Mai facin taya ya ari kwat,
mai ƙosai ta goge hannu a zane ta gyara ɗauri.
"Dubi nan. Kar ka motsa."
Ƙyas!
Mutum ya je Turai ya dawo
shayinsa bai huce ba.

Yau ga ni a Leeds, shekara ta uku,
a ɗakin zane na ƙarƙashin ƙasa
mai warin gam da ɗanyen katako.
Malama Pendlebury, wadda fenti ba ya barin farcenta,
ta koya mana yadda ake yi wa ido wayo:
ka ja layi biyu su haɗu can a ɗigo ɗaya,
sai bango ya zama hanya.
Abin da ke nesa ka rage masa ƙarfi, ka shafa masa shuɗi.
Na rubuta duka, na ci jarrabawa,
na kuma gane, da ɗan ɗaci a maƙogwaro,
mutumin Ƙaura bai san ko ɗaya ba.

Sau ɗaya na je Landan ta gaske, a motar dare mai araha.
Ruwa ake yi. Babu dabino.
Na ɗauki kaina a waya,
hoton ya fito kamar ban je ba.

Da wasan ƙarshen shekara ya matso
aka ce kowa ya zana labulen dandamali:
wurin da ba za ka sake komawa ba.
Gethin ya zana ɗakin girkin kakarsa.
Ni na zana ƙyallen Baba.

Ashe kuskure ma sai an iya.
Sau uku ina karkata agogon,
hannuna, da ya sha karatu, yana miƙe shi.
Sai da na koma hagu.

Malama ta zo ta tsaya, kofi a hannu.
"Jirgin nan ya yi girma."
Na ce haka yake.
Ta daɗe tana kallo. "To, ƙara masa.
Wannan farin da ya ratsa bas ɗin fa?"
Na ce nan ne kafaɗu suka goge fenti,
shekara ashirin da bakwai ana jingina.
Ba ta ce komai ba. Ta ajiye kofin.

Shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki.
Ƙyallen, in ji ƙanina Tanimu,
da shi ake rufe buhunan albasa in hadari ya haɗu.
Baba kuwa ido ya tafi,
sai dai in kwatanta masa a waya,
yana tambaya ko na sa dabinon.

Daren wasa aka yi tafi, aka watse.
Ina naɗe igiyar fitila
sai ga Desmond mai shara ya jingine tsintsiya,
ya miƙo mini wayarsa,
ya tsaya gaban bas ɗin, ya gyara wuyan riga,
kafaɗarsa daidai kan farin.
Mutumin da aka haifa a Landan.

Ban san lokacin da Hausa ta suɓuce mini ba:
"Dubi nan. Kar ka motsa."
Bai motsa ba.