Abin da Ba Ya Kama Tabo

Shekara ashirin ina rufe kujeru a Katako,
soso, yadi, ƙusa, guduma.
Rumfata na bayan layin masu kwano.
Na san yadi yadda mahauci ya san gaɓa.

Ran nan sai ga Alhaji Nomau da kwali a bayan babur,
gwangwani sha biyu masu jar hula.
Ya ce a kawo shayi. Aka kawo.
Ya fesa wa hannun kujera, ya bari ta sha iska,
sannan ya tuttule kofin a kai.
Shayin ya dunƙule kamar carbi ya tsinke,
ya gangara ƙasa, ko inuwa bai bari ba.
Muka yi salati.
Jika uku gwangwani. Na saya.

Kasuwa ta buɗe.
Matan Filato suka ji labarin
kujerar da manja ba ya kamawa,
ko miyar kuka, ko fitsarin jinjiri.
Barmu ne mai feshi,
yaron da ƙanwata ta aiko mini daga Dogon Dutsi,
ɗan sha bakwai, ba ya aiki sai da waƙa.
Mukan ja ƙofa kada iska ta kwashe maganin.
Ni na ce a ja ƙofar.
Ni.

Tari ya zo da damina.
Muka ce sanyi ne, aka dafa citta da kanumfari.
Sai numfashi ya koma na zugazugin da ya huje.
Waƙa ta tsaya.

A asibiti lokotoro ta juya gwangwanin a hannunta,
ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga.
Rubutu kamar sawun kiyashi,
da yaren da ba a koyarwa a lakwal ɗinmu.
Ta ce, "A sarari ake fesa wannan, da takunkumi a hanci.
Irinsa kuwa, in ya shiga jiki, ba ya gaggawar fita.
Wata nawa yana shaƙa?"
Na ƙirga har yatsuna suka ƙare.

Na je wa Alhaji Nomau.
Ya ce shi ma daga Kwatano ya saro.
Na Kwatano ya ce daga jirgin ruwa aka sauke.
Jirgi kuwa ba shi da baki.
Akwai lamba a gindin gwangwanin, ɗana ya buga.
Muryar na'ura ta yi ta yaba haƙurinmu
har kuɗin waya suka ƙare.

A nan na gane a kansu suka fara gwada maganin.
Sun fesa wa rigunansu, sun fesa wa sunansu.
Zuba musu kuka, ya dunƙule, ya gangara.
Zuba musu tambaya, haka.
Amma tabo dole ya sauka wani wuri,
sai ya sauka a huhun Barmu.

Ku da kuka haɗa shi, kun san abin da ke ciki.
Hannun da ya iya zana kujera mai ƙyalli
ya iya rubuta "hattara" da Hausa da Zabarmanci,
ya zana hanci a rufe don wanda bai yi karatu ba.
Tawada nawa za ta ci?

Saura gwangwani biyar a ƙarƙashin tebur.
In na zubar a kwata, kwata kogi ta nufa,
kogi kuma shi muke sha.
In na binne, ƙasa ba ta mantuwa.
Kuma ina tuna kujerun da suka riga suka fita,
da yaran da ke barci a kai, fuska a kife.

Jiya Hajiya Tsahara ta aiko direba:
a yi mata feshi kafin suna.
Na ce ya gaya mata
tabon manja a kujera
shaida ce an ci abinci a gidan.

Da dare ƙanwata ta kira.
Ta ce, "Ba ni Barmu in ji muryarsa."
Na miƙa masa waya.
Ya daɗe yana tara iskar da zai yi sallama.