Rumfar Baba Yunana

Ran Talata anka liƙa takardar.
Hassi ta karanta min, ni idona ya gaji:
wai ƙarshen wata za a kwashe rumfa,
a malala siminti, motoci su sami wurin tsayawa.

Bayan babbar majami'a take,
inda inuwar hasumiya ke faɗuwa da la'asar.
Koriyar raga, ƙarafa shida, ƙofar langa-langa.
Ciki, ledojin ruwa da anka sha anka yar,
ya tsinto, ya cika su da ƙasa da kashin awaki,
kowace leda da 'yan kunnuwanta biyu.

Injin rijiya ya ƙone tun Maris.
A Sakkwato, Maris murhu ne.

Baba Yunana, mutumin Zuru,
shekara talatin da ɗaya yana durƙushe a nan.
Ba ya wa'azi,
amma na taɓa jin yana yi wa gwanda faɗa.

Ni lemun tsami na karɓa a hannunsa
shekarar da na haifi Sidi, na rasa Sidi.
Bai yi min doguwar gaisuwa ba. Ya miƙo leda:
"Kar ki cika mata ruwa, bar ta ta nema."
Yau ta wuce katanga,
yaran maƙwabta na tsinka ba sallama.

Ba taro munka kira ba.
Ɗangaladi mai kurar ruwa ya fara:
jarka biyu kullum, kafin cinikin fari.
Obiora ya jawo injin walda daga bakin titi,
ya ɗaure ƙafar da iska ta karya,
tartsatsi na zuba, Baba na kare zogale da rigarsa.
Matan zumunta sunka soya ƙosai ran Lahadi,
mu munka dafa zoɓo da citta,
kuɗin duka a gwangwanin madara guda.
Kan wa zai riƙe gwangwanin
Rifkatu da Tumba sunka yi kwana uku ba gaisuwa.

Munka zazzage, munka ƙirga, munka sake.
Ko rabin inji bai kai ba.

Ran zaman kwamiti ma'aji ya tashi,
kuma wallahi bai yi ƙarya ba:
rufin majami'a na yoyo, albashi na jira,
ganye ba ya biyan kuɗin wuta.

Sai Baba ya ciro wani littafi,
bangonsa ya sha gumi har ya yi laushi.
Bai roƙi kowa ba. Karatu ya kama.
"Mangwaro, ƙofar masallacin Malam Dikko.
Darbejiya goma sha biyu, makarantar 'yan mata.
Gwaiba, gidan direban da ya rasu a hanyar Gusau.
Dabino uku, Runjin Sambo, ɗaya bai yi ba.
Lemun tsami, matar tela."

Ni ke nan. Ko sunana bai sani ba.

Malam Dikko na bakin ƙofa, takalmi a hannu.
Ya ce, "Ƙarƙashin mangwaron nan nake alwala."
Shi ke nan abin da ya ce.

Ma'aji ya daɗe yana juya biro.
"Akwai tsamiya a ciki? Mabera, gida mai shuɗin ƙyaure?"
Baba ya lashi yatsa, ya buɗe baya-baya.
Akwai.

Damina ɗaya sunka ba mu.
Ɗaya tak, a rubuce, da sa hannu.
Injin na nan a mace, gwangwani na gidan Tumba,
murfinsa na gidan Rifkatu.

Ɗazu da asuba na ji kukan tayar kura.
Na leƙa: Ɗangaladi ne, jarka biyu,
Baba na gaba, yana nuna masa
wacce za ta sha yau, wacce za ta jira gobe.