Abin da Aljihu Ya Ɗauka

Kyamarori tara, kowace ba ta fi sabulun wanka ba,
aka raba wa 'yan aji biyar ranar Litinin.
Juma'a suka dawo da su, da maiƙon awara a kan maɓalli,
ni kuma aka ce in tace.
Minti shida, in ji Madam Kangyang, kada ya wuce,
iyaye za su kalla ranar rabon kyauta.
A sa tuta, a sa sabon fenti,
kwanon da ke yoyo kada ya fito.

Ga ni a ɗakin malamai, Nasarawa Gwong ta yi tsit,
ruwan Agusta na dukan taga,
shayi ya huce, yatsu sun ƙage a kan linzami.
Awa goma sha ɗaya zan murza
kamar mai matsar tunkuza:
mai kaɗan, ƙuli tuli.

Hannun yaro bai san tsayuwa ba.
Rabin abin da Hindatu ta ɗauko takalma ne,
silifa, danƙo, da wani kambas mai hamma.
Nanret ta bi ƙadangare minti huɗu cur
har ya gyaɗa mata kai ya shige tsagin dutse.
Tasi'u ya kama maigadi yana gyangyaɗi,
dariya ta girgiza hoton, sama ta koma ƙasa.
Na yanke.
Na sake yankewa.
Almakashin kwamfuta ba ya ƙara,
shi ya sa ba ya jin kunya.

Kati na bakwai na Dachung ne,
yaron da i'ina ta ɗaure wa harshe,
wanda in ana kiran suna sai dai ya ɗaga hannu.
Ya manta bai kashe ba, ya jefa ta aljihu.
Minti arba'in, baƙi ƙirin.
Na kai yatsa zan goge
sai duhun ya yi tari.

Na ƙara murya.
Taku a kan tsakuwa. Murfin kwalba biyu na karo.
Ɗan acaɓa ya yi ham, mai kabeji ta kira farashi,
Dilimi na gurnani a ƙarƙashin gada.
Can sai wata murya, sumul kamar an goge ta da dutsen guga:
"Yau, 'yan aji, za mu ga yadda ruwa ke hawa sama
ya yi nauyi ya dawo. Kun gane ko?"
Kun gane ko ɗina ne, har da gyaran muryar.
Ɗalibansa suka amsa: awaki ne.
"Dachung," in ji shi, "tashi ka ba mu amsa."
Ya kuwa bayar, tiryan-tiryan,
ko harafi ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Na cire tabarau na daɗe ina kallon allon da ba komai.
Duk awa goma sha ɗayan nan, wannan ne fim ɗin.
Sai dai ba ni aka ba:
aljihu ne ya yi sata,
ni kuma na laɓe a bakin ƙofa.

Na jera tuta, na jera fenti,
na kauce wa kwano kamar yadda aka ce.
Ƙadangaren Nanret na saka shi da ƙarfin hali.
Tsakanin fareti da rabon littafi
na bar daƙiƙa uku na duhu, ba murya,
sauran na goge har daga kwandon shara.
Madam ta ce, "Nan kuskure ne?"
Na ce, "Numfashi ne, ranki ya daɗe."

Litinin da safe na buɗe rajista.
Da na zo kan sunansa ya ɗaga hannu.
Na yi kamar biro ya ƙi rubutu,
ina girgiza shi, ina jira,
ina jira.